Kusurwar Gawo

Mahamadu ya dawo Ɗan Kassari damina ta yi nisa, da albishir a bakinsa: likitocin ƙasar waje sun ce ciwon da ya kumbura masa wuya ya mutu. Matarsa Rahina ta yi guɗa, ta yanka zakara.

To amma mutumin da aka ce ya warke sai ga shi yana ƙarewa. Zai share akushin tuwo, ya ɗora fura, bai ƙoshi ba. Da rana ta take tsaka barci ke kayar da shi kamar an buge shi. Rahina ta zauna tana yi masa fifita, ta ga zufa na tsattsafo masa, kafaɗunsa na ɗan motsi ƙarƙashin fata. In ya farka sai haki, sai yunwa. Kullum rigarsa ƙara yi masa yawa take.

Ran nan ta ɗauki hotunan asibiti da ya zo da su, ta hau kabu-kabu zuwa Dogon Dutsi wurin Félix, majon asibiti, wato babban ma'aikacin jinya, wanda uwarsa ƙawar uwarta ce. Félix ya ɗaga hoton sama. Siffar mutum ce toka-toka, amma kafaɗu da damatsa da gadon baya sun yi jajir kamar garwashi.

"Ke ma kin zama likita, uwar Adama?" ya ce yana dariya. "Zauna in gwada miki. Sukari suka sa mishi a jijiya, mai alama. Duk naman da ke aiki sai ya ci sukari, kamar yadda jaki ka cin dusa in ya ja amalanke. Inda aka ci da yawa, nan na'ura ka ganin wuta. Shi ya sa suka hana shi motsi tun ana gobe."

"To wuyan hwa?"

"Wuya lafiya lau, dubi, ba komi. Wanga ne ban gane ba." Ya sa yatsa a kafaɗar. "Wanga jikin mai noma ne. Mijinki ya yi musu wayo, ya tai ya yi aiki."

"Luƙman ƙanensa na tare da shi. Ya rantse kwance yake. Da rana tsaka aka yi allurar, barci ma ya yi."

Félix ya daina dariya. Ya ƙara duba hoton, ya ce a hankali, "Kuma ɓangaren hagu ya fi ci."

Rahina ta karɓi hoton. Mahamadu bahago ne.

A kan hanyar komawa abin ya faɗo mata. A gabashin gonarsu akwai wata kusurwa gindin gawo, ta doguwa ce, aljanar gidan, tun kakanni. Kowace shekara ita ake fara nomewa, kuma ɗan gida kaɗai ke sa mata hauya. Bana da Mahamadu da Luƙman duk ba su nan. Mutanen gari suka yi musu gayya, suka nome gona tas, suka kewaye kusurwar saboda ba su da ikon taɓa ta. Kowa ya yi abin da ya dace. Ba wanda ya tuna cewa an bar ta.

Washegari da Mahamadu ya fara lumshe ido, ta ajiye mafici, ta ɗauki hauyarsa mai doguwar ƙota ta fita. Gari tsit, ko akuya ba ta kuka. Gero ya kai mata ƙugu, ganye na shafar ta.

Kusurwar ba ta yi ciyawa ba. Fiye da rabinta a nome take, ƙasa a tashe, haki a kwance ya yi yaushi. Ta sunkuya ta duba. Duk saran ya karkata hagu, yadda ta san aikin mijinta tun tana amarya tana kai masa fura. Sawun ƙafa kuwa babu ko ɗaya.

Sai ta ji. Shaf. Shaf. A can cikin geron, inda sauran ciyawa take. Kan gero na kaɗawa a layi ɗaya, ga shi babu iska.

Ta tuna haƙarƙarin Mahamadu da suka fito fili. Ta gyara murya.

"Sannu da aiki, Inna," ta ce. "Mun yi kuskure. Ki sake shi hakanan, ya ƙare. Ni ba a gidan aka haife ni ba, amma na haihu a ciki. Ga ni."

Ta kafa hauya ta tura. A saran farko waccan ƙarar ta tsaya cak.

Ta yi ta noma ba ta waiwaya ba, ko da ta ji kamar akwai mai tsaye a bayanta yana duba aikin. Sai da inuwar gawo ta miƙe sannan ta kai ƙarshe.

Ta tarar da Mahamadu zaune a tabarma, rigarsa a bushe, yana yi wa Adama wasa.

"Ina kika shiga, uwar ɗaki? Yau na yi barci irin na mutane," ya ce. "Tuwon ma ya yi min yawa, ga saura nan."

Rahina ta yi hamdala. Ta jawo akushin ta cinye saura, ta kankare tukunya, ta sha furar da ta ajiye don safe.

Kafin watan ya mutu kumatun Mahamadu sun ciko. Ita kuwa, duk ranar da rana ta take tsaka sai ta shige ɗaki ta ja ƙyaure, kada ya ga kafaɗunta.