Bangon Shagon Baba

"Ba zan fasa ba, Yaya. Gobe za a yi wa Baba aikin idon."

Yayan nata ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin babur. Ya ce shi ne babba a gidan nan, kuma ya ce a bar tsoho ya huta, me ya rage masa ya gani a duniya? Auta ta ci gaba da ninke rigunan Baba cikin jaka. Shekara da shekaru ita ke jan hannunsa zuwa bayi, ita ke nuna masa gefen da nama yake a kwano, sannan ta ruga makarantar da take koyarwa. Likita ya ce yanar ido ce kawai, ana cire ta zai gani. Yaya ya ce boko ya fasa mata kai. Ta ce gara fasasshen kai da rufaffen ido.

Aka yi aikin. Da aka cire bandeji, Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ɗago.

"Auta, wa ya cinye miki kumatu?"

Ta yi dariya har da hawaye.

Ido na warwarewa ya ce a kai shi shagonsa. Baba kafinta ne, kuma yana da wata ɗabi'a: duk abin aikin da ya rataye a bango, sai ya zana siffarsa da baƙin fenti a bayansa, don in an ara ba a mayar ba, bango ya tona. Tun da idonsa ya rufe shagon ke hannun Yaya. In Baba ya je, Yaya kan miƙa masa zarto da guduma ya shafa, ya ce komai na nan yadda ya bari.

Suka shiga. Zarto ɗaya, guduma ɗaya. Sauran bangon duk zane ne, manya da ƙanana, kowanne da ƙusarsa tsirara. Inda injin yankan katako yake a da, sai shacin ƙafafunsa a siminti. Yaya ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya, bai ko damu ya shafe zanen ba, tunda mai zanen ba ya gani.

Yaya ya soma sosa ƙeya yana zancen kasuwa ta mutu. Auta ta harɗe hannu, tana jiran Baba ya yi masa wankin babban bargo. Sai Baba ya juyo gare ta, da idon nan da ta yi faɗa a kansa.

"Da kin bar ni yadda nake, da har yanzu ina da shago, ina da ɗa."

Yaya ya kwashe iyalinsa ya bar gidan. Gwaggo ta zo takanas ta ce Auta ta je ta ba shi haƙuri, ta tona wa babba asiri. Auta ta ce ba ita ta zana bangon ba, ba kuma ita ta kwashe shi ba. Ba ta je ba.

Har yau ita ke ɗiga wa Baba magani. Yakan buɗe idon ya kalli silin, in ta gama ya tashi ya fita shi kaɗai, ba ya neman hannun kowa. Ta sama masa gani, ba ta kuma yi nadama ba. Amma ta rasa yayanta, ta rasa gaisuwar dangi, kuma Baba bai sake kiran ta Auta ba. Malama yake ce mata, kamar baƙuwa.