Yaron Inna a Teburin Inshora

Ni dai kunyar ɗan fari irin ta Hausawa ba ta taɓa shiga kaina ba. Mu can wajen Zonkwa da sunan ɗan fari ake kiran uwa. Amma Halima, abokiyar aikina kuma maƙwabciyata a Barnawa, Maman Amina kowa yake ce mata, alhali Amina ta biyu ce. Na farin, Lawal, tun daga yaye aka kai shi Makera wurin kakarsa, Inna. Ba ta kama sunansa, ba ta zama inda yake zaune. In ta kama dole sai ta ce "yaron Inna". Shi kuma Yaya yake ce mata.

Bayan soja sun koma bariki aka kawo mana inshorar lafiya ta ma'aikata, aka ce kowa ya sa 'ya'yansa har huɗu. Halima huɗun gare ta har da Lawal, amma uku ta sa. Na ce, "Ke, ina babban?" Ta ja gyale ta rufe baki tana dariya. "Maman Diana, rufa mini asiri. Ni in tsaya gaban maza in ce na haifi wannan ƙato?"

Ana nan Inna ta rasu. Lawal ya ƙi dawowa Barnawa, ya bi yaran gareji, daga maganin tari sai ƙwaya. Ubansa direban tirela ne, ganinsa sai an dace. Yaro yana shekara sha bakwai ya koma kamar sillen kara. Ranar da aka tsince shi a kwance bakin kwata a Kakuri, ni da Halima muka sa shi a keke mai ƙafa uku sai asibiti.

Likita ya ce sai an kwantar da shi makonni, in ba haka ba abin nan zai kashe shi. Albashinmu ba zai ɗauka ba, amma ya ce inshora tana rage kaso mai yawa, mu je teburinsu.

Jami'in inshora ya dubi katin inshorar Halima, ya dube ta. "Hajiya, ya kuke da yaron?"

"Yaron Innarmu ne."

"To, ƙane ba ya shiga. Sai ɗan cikinki, wanda bai kai sha takwas ba."

Lawal yana kan benci a bayanmu, jikinsa yana rawa. Ya fara laluben takalminsa da ƙafa. "Ku bar shi kawai, ni zan tafi. Ai ba ciwon kowa ba ne."

Wallahi raina ya ɓaci. Na matse hannunta na ce, "Halima, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyar ce za ta yi masa magani?"

Da na dubi fuskarta sai fushin ya sake ni, tausayi ya kama ni. Matar nan duk Juma'a sai ta aika tuwo Makera, ta ce wai na Inna ne, har bayan Inna ta bar duniya. Ba ƙin sa take yi ba. Haka aka koya mata son ɗan fari, a ɓoye, kuma ba ta san wata hanyar ba.

"Ɗana ne," ta ce can ƙasa-ƙasa.

"Na'am?"

"Ɗana ne. Lawal. Ni na haife shi, a Makera, da damina."

Jami'in ya ce ta kawo takardar haihuwa gobe a ƙara shi, yau dai a ba shi gado. Halima ta juya ta fita baranda da sauri, gyale a fuska, ko inda Lawal yake ba ta kalla ba.

Na zauna kusa da shi. Ya daina neman takalmin, ya ƙura wa ƙofar da ta fita ido.

"Anti Martha," ya ce, "ashe ta san ita ta haife ni?"

Da nas ta zo ta kira sunansa, da kansa ya miƙe ya bi ta.