Hoton Ƙarfe Biyun Dare

"Wannan mene ne?" Manaja ya tambaya, ya kanga wa Soja fuskar waya a hanci.

Soja ya ƙura ido. Baƙi ne wuluk, sai wani ɗan fari-fari can daga sama.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ƙarfe biyun dare, a bakin get."

"Wannan fa?"

"Shi ma ni ne. Ƙarfe uku."

Soja bai taɓa shiga soja ba, wata tsohuwar kwat mai ruwan ƙasa ce ta ja masa sunan. Shekara tara yana gadin sito na fenti da tayil, ko ƙusa ba ta taɓa ɓata ba. Sai ga sabon manaja da sabuwar doka: kowace awa maigadi ya ɗauki hoton kansa a bakin get ya turo, a tabbatar idonsa biyu.

"Baba, ko a cikin bargo ka ɗauka, haka zai fito," in ji Manaja. "Daren yau ne na ƙarshe. In ban ga fuskarka ba, gobe ka ajiye min makulli da tocila."

Tsoro ya kama Soja sosai. Mutum mai 'ya'ya biyar da gwiwa mai ciwo, wa zai ɗauke shi wani aikin?

Da ya isa gida ya labarta, matarsa ba ta tsaya jajantawa ba, ta kira ƙanwarta, wadda ke sayar da jakunkuna da takalma ta waya. Ita kam ko tsohon silifa ta ɗauka a hoto, sai ka ji kana son saye. Ta zo da la'asar, ta karɓi wayar da yatsu biyu.

"Yaya, waya ce wannan ko murfin tukunya? Dubi maiƙo a idon kyamara!"

"Ke dai gyara min, ba surutu na kira ki ba."

"Ai ba kai ka kira ni ba, yayata ce."

Ta goge idon da bakin mayafinta, ta ja shi ɗakin girki ta rufe taga. Ta kashe masa filasha, ta ce ba abin da take yi sai mai da mutum fatalwa. Ta nuna masa wata 'yar alama mai kamar jinjirin wata, ta ce ita ce ta dare: in ya danna, wayar za ta ɗan jira tana tattara haske, saboda haka kada ya motsa. Ya jingina ta a kan bulo, ya sa ta ƙirga goma, ya koma ya tsaya, ya riƙe numfashi.

"A ina fitilar get ɗin take in kana ɗauka?"

"A bayana mana, don a ga get."

Ta dafe kai. "Shi ya sa! Ka juya ka fuskance ta. Haske a fuska ake so, ba a ƙeya ba."

Sau bakwai suka gwada. A na bakwai Soja ya ga kansa tsakanin tukwane, ras, har furfurar gemunsa ana iya ƙirgawa. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe dai ina da kyau," ya ce.

"Wayar ce," in ji matarsa daga ƙofa.

Ƙarfe goma na dare ya jera bulo uku, ya jingina waya, ya fuskanci fitila. Hoto ya fito kamar na ɗan takara. Manaja ya turo masa alamar babban yatsa ta waya. Sha ɗaya ma haka, sha biyu ma haka. Soja ya rantse a ransa yau ko gyangyaɗi ba zai yi ba.

To amma gwiwa ba ta san da rantsuwa ba. Bayan hoton ƙarfe ɗaya ta fara zugi, sanyi kuma ya sauko. A bayan buhunan siminti akwai wata 'yar katifa da ya ɓoye tun shekarar farko, wadda a wurinsa ba ta barci ba ce, ta miƙe ƙafa ce. Ya jawo ta lungun rumfar da ke bakin get, inda duhu ya fi kauri, inda shi kansa sai ya laluba yake samunta. Ya saita ƙararrawa, ya cire takalma, ya miƙe ƙafar. Sauran jikin ya bi ta.

Ƙararrawa ta tashe shi biyu saura minti biyu. Ya zabura, ya murje ido, ya gyara kwat, ya tsaya ƙyam gaban fitila ya ba rumfa baya. Ya riƙe numfashi har wayar ta gama tattara haskenta. Ya duba: ido a buɗe, gemu tsaf. Kamar kowane ɗan Adam da aka miƙa wa hotonsa, fuskarsa kaɗai ya kalla. Ya tura yana murmushi.

Da safe ya shiga ofis yana taku ɗai-ɗai, yana jiran yabo.

"Baba, hoton nan ya yi kyau," in ji Manaja. "Wallahi ban taɓa ganin hoton dare irinsa ba. Matso ka gani."

Ya sa yatsu biyu ya buɗa wurin da ke saman kafaɗar Soja a hoton. Lungun da ido ba ya gani ya fito fes. Ga katifa mai zanen furanni, ga filo da ramin kai a tsakiya, ga bargo a yaye. Ga takalma an jera su gefe cikin ladabi. Manaja ya gangaro ƙasa, ga Soja tsaye da safa, babban yatsa ya leƙo ta huji. Ya koma sama ya tsaya a kumatu.

"Har shatin filo ya fito."

Soja ya buɗe baki zai yi bayanin gwiwa, ya ga bayanin ya fi ƙarfinsa. Ya zaro makullan ya ajiye a tebur, ya ɗora tocila a kai. Ya juya yana tunanin da wane baki zai faɗa wa matarsa.

Har ya kai ƙofa Manaja ya kira shi.

"Baba, don Allah alfarma ɗaya. Ga wanda zai karɓe ka can a kan benci. Kafin ka wuce ka nuna masa yadda ake ɗaukar hoton nan, don duk masu gadinmu babu wanda ya kama ƙafarka."

Abin haushin, sai da maganar ta yi wa Soja daɗi. Shekara tara a wurin nan, yau ne aka fara yabon aikinsa.

A waje ya tarar da wani dattijo sa'ansa, ya rungume gwiwa ɗaya yana matsawa. Soja ya zauna kusa da shi, ya miƙa hannu.

"Kawo wayar mu gani," ya ce.