Ba Haka Na Rubuta Ba

Saura kiris Auta ta fasa rubuta takardar. Sau uku tana farawa, sau uku tana dunƙulewa ta jefa a kwandon shara na shagon guga inda take aiki. Hannunta ya saba da dutsen guga, bai saba da biro ba. Tun da ta bar firamare, in ta yi rubutu sai ta ga haruffan suna ɗingishi. A karo na huɗu ta daure ta rubuta layi uku, ta ninke, ta cusa a aljihu.

A cocinsu, kowace Laraba da yamma mata suna taruwa su yi addu'a. Akwai akwati a bakin ƙofa. Mai damuwa ta rubuta ta jefa, shugabar mata ta buɗe ta karanta da ƙarfi, sai a ɗauka gaba ɗaya a kai wa Ubangiji. Shugabar kuwa Goggo ce, ƙanwar baban Auta. Kowa ya san Goggo ba ta karanta takarda yadda aka rubuta ta, sai ta yi mata kwalliya. In mace ta rubuta cewa mijinta ya ishe ta, Goggo za ta karanta, "Wata 'yar'uwa tana roƙon salama a gidanta." Matan ma sun fi son haka, don yana rufa asiri.

Wata biyu ke nan Baba yana kwance a asibiti. Kafinta ne, mutumin da da hannu ɗaya yake ɗaga ƙofa, yanzu kofin ruwa ma sai an riƙe masa. Likita ta ja Auta gefe ta ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu, abin da ya rage shi ne a riƙa rage masa zafi, kuma ana iya yin wannan a gida. Baba ba yaro ba ne, ya gane.

"Auta, kai ni gida," ya ce. "Na gaji da kallon silin ɗin nan. Wanda ya buga shi ko awo bai yi ba."

Amma Goggo ta riga ta yi magana da direba. Ranar Juma'a za a ɗauki Baba zuwa wani sansanin addu'a, tafiyar awa biyar, a yi kwana bakwai ana azumi, ba allura ba ƙwaya. Abu ɗaya ya tsaya mata: Auta ce ta kawo shi asibiti, sunanta ne a takarda, ba za a sallame shi ba sai ta sa hannu.

Ba wai Auta ba ta roƙi waraka ba. Ta yi azumi har jiri ya kusa kayar da ita a kan teburin guga. Ta yi wa Allah alkawura, da ta ga shiru ta koma yi masa faɗa. Ran Litinin da rana tsaka, tana goge wuyan wata farar riga, ta ce masa, "Kai ka ba ni shi, ban roƙa ba. Yanzu kuma kana so ka karɓe. Ban yarda ba, ka ji? Ban yarda ba." Ta daɗe tana danna dutsen a wuri ɗaya har ƙauri ya fara tashi. Ta ɗaga, ta tsaya tana kallon rigar. Can ta ce, "To. Na saki. Naka ne." Ba ta ji wani daɗi ba. Ta dai ji numfashinta ya kai ƙasan ciki, abin da ta manta rabonta da shi.

Ran Laraba Auta ta jefa takardarta a akwati, ta zauna a bencin ƙarshe kamar kullum. Aka yi waƙa biyu, Goggo ta gyara tabarau ta fara zaro takardu. Mai neman aiki, mai jiran haihuwa, mai ɗa a makaranta. Da ta buɗe ta huɗu sai ta gane rubutun. Ta leƙo ta saman tabarau, ta mayar da ido.

"'Yarmu Auta," ta ce da murya mai ƙarfi, "tana roƙon Ubangiji ya tashi babanta daga gadon ciwo, ya koma shagonsa da ƙafarsa, magabta su ji kunya!"

"Amin!" in ji mata.

"Ba haka na rubuta ba."

Ita kanta Auta ba ta san ta miƙe ba. Yarinyar da ko gaisuwa sai an matso ake ji, ga ta tsaye, kowa ya waiwayo.

"Zauna, 'yar nan," Goggo ta ce tana murmushin dole. "Rubutun naki ne sai a hankali, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Na taimaka miki ne."

Wasu suka yi dariya.

"Kazar ta san abin da ta rubuta, Goggo. Ki karanta yadda yake."

"Ba zan karanta rashin bangaskiya a gidan Allah ba."

"To ba ni in karanta."

Auta ta taka har gaba, ta miƙa hannu. Goggo ta riƙe takardar gam. Matar fasto ce ta ce a hankali, "Shugaba, takardarta ce." Goggo ta sake ta kamar ta ƙone ta.

Auta ta bi layin da yatsa, tana yi tana tuntuɓe. "Ubangiji, na ba ka Baba. In za ka warkar da shi, na gode. In za ka ɗauke shi, ka ba ni ƙarfi in kai shi gida in kula da shi."



"Kun ji ko?" Goggo ta buɗe hannuwa. "Ta gaji da jinya! Mutum da ransa, 'yarsa ta fara auna masa rami. Yayana ne fa! Ni ya goya a bayansa tun ba a san za a haife ki ba!"

Maganar ta soki Auta, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Goggo, wa yake juya shi in bayansa ya yi zafi? Wa yake wanke shi? In gajiya ce, da na ba ki shi ran Juma'a na huta kwana bakwai."

"Ke har kin isa ki koya mini addu'a?"

"Ban isa ba. Amma wata biyu ina ba Allah oda kamar yaron shagona ne. Yi kaza, kafin rana kaza. Ni ba uwar ɗakinsa ba ce. In ya ga dama ya tashi Baba, a ɗakinsa ma zai iya, ba sai an jijjiga tsoho awa biyar a mota ba."

"Rashin kunya!"

"Baba ne ya ce in kai shi gida. Kin tambaye shi?"

Goggo ta cire tabarau ta hau goge shi da bakin mayafi, ta goge, ta sake gogewa.

Matar fasto ta durƙusa ta fara addu'a a kan abin da aka karanta, kalma bayan kalma, ba ƙari. Wasu suka bi ta. Wasu suka zauna da baki a rufe, Goggo na cikinsu.

Da aka tashi, Goggo ta tare Auta a bakin ƙofa. Idonta ya yi ja.

"In ya mutu a hannunki, kada ki zo mini da kuka."

"Zan zo, Goggo. Wurin wa za ni in ba wurinki ba? Amma Juma'a ba zan sa hannu ba."

Washegari da sassafe Auta ta biya shago ta ce wa mai shagon ba za ta samu zuwa ba sai abin da hali ya yi. Ta share ɗakin Baba, ta ja gadon kusa da taga, ta shimfiɗa zanen da ta goge da kanta. Daga nan ta wuce asibiti. Ta tsaya gaban nas ta sa a nuna mata awon maganin sau biyu, har ta iya da kanta. Sannan ta karɓi biro, ta rubuta sunanta a takardar sallama harafi bayan harafi, ta fita neman mota mai kujera mai taushi.