Kwanon Juma'a Bai Zo Ba

Ranar Juma'a da safe Abdulghaffar ya ɗauko fasinjan da ya fi kowa yi masa daɗi a shekarar nan. Tuƙi yake yi wa wani otal a unguwar Abhur da ke Jidda, ya saba da baƙin da ko sallama ba sa amsawa, sai ga wani dattijo ya shigo mota a filin jirgi, ya ji shi yana waya da Hausa, ya ce, "A'a, ashe na gida ne!" Sunansa Dakta Majid, Bahaushen Sudan ne, ya zo taron masana a kan makaman nukiliya.

"Dakta, don Allah fahimtar da ni," in ji Abdulghaffar bayan sun hau titi. "Kullum rediyo sai a ce Amurka da Rasha da China suna ƙara inganta makaman ƙare dangi. Wanda ke da abin da zai ƙone duniya sau ɗaya, me zai yi da na sau goma?"

"A cewarsu ba don su harba suke tarawa ba," in ji Dakta. "Kowa so yake abokin gabarsa ya san in ya taɓa shi, shi ma ba zai kai labari ba. Kar ta san kar ce. Tsoro ne ke gadin zaman lafiyar."

Abdulghaffar ya bugi sitiyari yana dariya. "Wallahi mun riga su! Ni da surukina shekara biyu ke nan muna kan wannan tsari."

Kuma gaskiyarsa ce. Na'ibi mijin ƙanwarsa Rahamatu ne, gini ɗaya suke a unguwar Balad, su a ƙasa, shi a hawa na uku. Da Rahamatu ta haifi namiji, Na'ibi ya yi alkawarin zai sa wa jaririn sunan marigayi mahaifin su Rahamatu, ranar suna kuma aka ji an raɗa sunan nasa uban. Magana ta yi zafi, kowa ya faɗi abin da bai kamata ba. Bayan mako guda Abdulghaffar ya ɗauki hoton Na'ibi yana lodi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, siton da ba na kafilinsa ba, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, alhali doka ta hana yi wa wani aiki. Na'ibi kuwa ba kanwar lasa ba ne, ya ɗauki hoton Abdulghaffar yana kabu-kabu da motar otal. Kowa ya nuna wa ɗan'uwansa abin da ya riƙe, kowa ya mayar da wayarsa aljihu. Duk wanda aka kai hotonsa ga hukuma, tarhil ne, a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar kakanni da bai taɓa takawa ba, don dukansu a Jidda aka yanke musu cibiya.

"Tun ranar ko harara babu," in ji Abdulghaffar cike da alfahari. "Halas, shi ke nan, lafiya lau muke zaune."

Dakta bai yi dariya ba. Ya ɗan kalli teku ta taga, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, mu a fagenmu ba mugu muka fi tsoro ba. Matsoraci muke tsoro, wanda na'ura za ta nuna masa abin da ba shi ne ba, ya ɗauka an harbo masa, ga shi 'yan mintoci kawai gare shi ya yanke shawara. Shi ya sa muke roƙonsu kada su yanke wayar da ke tsakaninsu. Ku kuna da waya?"

"Muna da kwano," in ji Abdulghaffar.

Kwanon na marigayiya mahaifiyarsu ne, tsohon kwanon samira mai fure, gefensa ya ɓamɓare. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Rahamatu kan zuba tuwon shinkafa da miyar kuka a ciki, ta hau bene ta ajiye a ƙofar yayanta, ta ƙwanƙwasa ta sauka. Shi kuma ba ya mayar da shi wayam, don a gidansu abin kunya ne kwano ya koma haka, sai ya cika shi da dabino ya ajiye a tasu ƙofar. Muddin kwanon na hawa yana sauka, Abdulghaffar ya san ƙasa lafiya.

Ya sauke Dakta a otal, ya yi sallar Juma'a, ya dawo Balad da yunwarsa. Ya hau hawa na uku, ƙofa wayam. Ya duba bayan takalma, kai ka ce kwanon tuwo allura ne. Babu. Shekara biyu ba a taɓa fashi ba, ko ranar da Rahamatu ke fama da zazzaɓi kwanon ya zo.

Yana tsaye a wurin wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne daga kafilinsa: gobe da safe ka zo ofis, ka taho da iƙamarka. Wato katinsa na izinin zama a ƙasar.

Ya sake karanta saƙon. Wato Na'ibi ya aikata! Shi ya sa Rahamatu ta kasa hawowa, kunya ce ta hana ta. Tsoro ya juye ya zama fushi, ya zauna a kan matakala ya buɗo hoton. Ga Na'ibi nan da buhu a kafaɗa, fuska tar, sunan siton a bayansa. Lambar kai rahoto ma tuni tana ajiye. Idan tafiya ce, to wallahi ba shi kaɗai zai hau jirgin ba. Ya ɗora babban yatsa a kan wayar.

Sai ƙamshin miyar kuka ya biyo matakalar ya same shi. Ashe an yi tuwon. Maganar dattijon nan ta faɗo masa, ta matsoraci mai 'yan mintoci. Ya yi tsaki, ya miƙe ya sauka, wayar na hannunsa a buɗe.

Rahamatu ce ta buɗe ƙofa, ludayi a hannu, ɗanta na riƙe da zaninta.

"Yaya! Lale. Ina kwanon Inna? Tun Asabar nake leƙa ƙofa."

Abdulghaffar ya yi sororo. Kwanon yana bayan motar otal, cike da dabino, tun makon jiya ya saka shi ya manta.

"Ai ba zan zuba maka a roba kamar baƙo ba," in ji ta. "Lafiya kuwa? Ka ga fuskarka?"

"Kafili ne ya ce in kai iƙamata gobe."

"To ba a watan nan take ƙarewa ba? Kullum sai an tuna maka."

Haka ne kuwa, a watan nan ne. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Na ɗauka mijinki ne ya tura hotona."

Rahamatu ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wane hoto? Tun makon farko na ɗauki wayarsa na goge shi. Ya sani sarai, ko faɗa bai yi mini ba, cewa ya yi gara haka, kada wata rana zuciya ta ɗebe shi. Girman kai ne kawai ya hana shi gaya maka. Shekara biyu kube yake nuna maka babu wuƙa."

Tana cikin dariyar idonta ya sauka a kan wayar da ke hannunsa. Ta ga mijinta da buhu a kafaɗa, ta ga lambar, ta ga inda yatsan yake. Dariyar ta ɗauke. Ta jawo ɗanta ta mayar da shi bayanta.

"Yaya," ta ce a hankali, "kai naka yana nan?"

Abdulghaffar ya goge hoton a gabanta. Ta shiga ciki, ta daɗe, sannan ta fito ta miƙa masa tuwonsa a cikin roba.