Babban Yatsan Baba

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, 'yan ƙungiyar masu gyaran keke ba sa tuna hanyar gidan sai lokacin sabunta izinin tsere ya zo. Auta, 'yarsa da ke jinyarsa, ta san zuwansu kamar yunwar cikinta. Sai a ji tarin tsohuwar motar Shugaba a ƙofar gida, ya shigo da ledar lemo duk ya yamushe, bakinsa yana "Maigida, ya jikin?" idonsa kuwa yana kan hannun Baba na hagu, wanda ciwon ya bari.

Baba ne ya ƙirƙiro tseren keken tun Auta tana goye, kuma takardar izinin rufe babban titi da sunansa take. Dokar ofishin birni ita ce mai izini ya zo da kansa ya dangwala yatsa. Baba ba shi da ƙafar zuwa, saboda haka duk shekara kinkimarsa ake yi kamar buhu. Bara a kan layi fitsari ya kufce masa a gaban mutane. Da suka dawo gida ya juya fuska ga bango, ya ƙi abinci, ya ƙi duban kowa. Ranar Auta ta yi masa alkawari cewa sau ɗaya ya rage a ɗauke shi, za a mayar da izinin sunan Shugaba a huta. Shugaban ma ya yarda. Ai a shagon Baba ya koyi faci da ɗaurin kaca, a gidansu ya ci ya sha har ya yi gemu, shi ya sa har yau Yaya take ce masa.

Bana da ranar ta zo suka tafi. Ofishin a can saman bene yake, lif ɗin da ke hawa da mutane kuwa ya daɗe da mutuwa har an jingina tsintsiya da bokiti a ƙofarsa. Suka ɗora Baba a kujerar roba, Shugaba da Dogo sakatare da wasu 'yan ƙungiya suka kama, suna nishi suna tsokanar juna kan wa ke ha'inci. Kan Baba yana lilo, yawu yana bin gefen bakinsa, Auta na biye tana gogewa da gefen mayafinta. Barandar sama warin banɗaki take yi haɗe da na tsofaffin takardu.

Ma'aikaciyar da ke teburin izini ta duba fayil ɗin, ta gyara tabarau.

"Canja suna kuke so? Babu laifi. Amma ku sani, babban titi yanzu ba a ba sabon suna. Tsofaffin masu izini kaɗai aka bar wa. In an canja, sai dai ku yi tserenku a filin bayan tasha."

"Bayan tasha?" in ji Shugaba. "Wurin juji? Wa zai zo kallo can?"

"In sabuntawa ce kuma, titinku na nan."

Dogo ya matso, ya rage murya, irin ragewar da kowa ke ji. "To, ranki ya daɗe, in an sabunta, sai mai izinin ya… kin dai gane… a tsakiyar shekara fa?"

"Izinin na aiki har wa'adinsa ya ƙare."

Sai duk suka juya suka zuba wa Baba ido. Auta ta san wannan kallon, irin wanda ake yi wa akuya ne kafin a taya.

"Ai da sauransa," in ji Dogo. "Dubi wuyansa, har ƙiba ya yi. Badi ma zai kai."

"Auta na ƙoƙari wallahi," wani ya ce. "Ki ci gaba da lallaɓa mana shi, kin ji? Kar ki yi wasa da maganinsa."

Suka yi dariya. A gabansa suke wannan magana, mutumin da bakinsa ne ya karkace amma kunnensa ras yake. Auta ta ji da ma ba ta taɓa zuba wa ɗayansu abinci ba.

"Yaya, ba haka muka yi da kai ba. Ka ce yau ne ƙarshe."

"Haba ƙanwata, ke ma kin ji da kunnenki. So kike a kai tseren Maigida bola? Sau ɗaya ne fa a shekara. Mu da ke ɗaukarsa ma ba mu yi ƙorafi ba."

Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ta ga hannun Baba yana ɗagowa daga cinyarsa, yana rawa, babban yatsan a miƙe. Babu wanda ya ce ya ɗaga. Ya ji an ce bayan tasha, kuma ba zai iya bari a kai tserensa can ba. Shugaba ya cafke hannun, ya tsoma yatsan a tawada, ya danna a takarda da ƙarfin da ya fi na faci. Ma'aikaciyar ta buga hatimi.

Daga nan sai murna. Dogo ya ɗaga takardar sama, suka fita suna gardamar wa zai riƙe usur bana, muryoyinsu suka gangara bene har suka ɓace. Auta ta tsaya tana jiran su dawo su kama kujera. Mutanen layi suna ta ratse Baba suna wucewa, wani har da tsaki. Ta leƙa ta taga, ta hango su a gindin bishiya wajen mai shayi, sun baje, Dogo yana fifita da takardar.

Ba ta kira su ba. Ta durƙusa a gaban kujerar, ta jawo Baba bayanta, ta ɗaure shi da mayafi yadda take goya 'ya'yanta. Ashe ba shi da nauyin da suke ta yi wa nishi. Hannunsa na hagu ya sauko ta kafaɗarta, yatsan shuɗi. Ta kama ƙarfen bene ta fara sauka a hankali, numfashinsa yana dukan wuyanta.

A kwanar bene sai ga Shugaba yana haurowa da gudu, yana haki. Har ranta ya ɗan yi sanyi, ta ce a zuci ashe dai da sauran kunya a idonsa.

"Yauwa, gara da na same ku! Akwai kwafin da za a kai wa masu kula da titi, shi ma sai da yatsa. In babu shi ba za su rufe mana hanya ba."

Bai ce ta sauke shi ba, bai ce sannu ba. Ya kamo hannun da ke reto a kafaɗarta, ya duba yatsan, ya ga tawadar ta bushe. Sai ya tofa masa yawu, ya murza da nasa yatsan don ta jiƙe. Feshin har a kumatun Auta.

Ta ji jikin Baba ya ƙame a bayanta. Yatsun nan da suka shekara suna rawa suka naɗe a hankali, babban yatsan ya shige ciki, sauran suka rufe shi ruf.

"Maigida, buɗe mana. Maigida, ni ne fa!"

Ya sa farce yana ɓamɓara. Hannun da ya yi rayuwarsa yana kwance noti bai buɗu ba. Auta ta fizge shi daga riƙon Shugaba, ta cusa cikin mayafinta ta danne da haɓa.

"Matsa, Yaya. Ka tsare mana hanya."

Ta raɓa shi ta ci gaba da sauka. Yana biye yana magiya, yana kiran ranar tsere, yana kiran shekarun da suka yi tare. Har suka fita titi hannun Baba a dunƙule yake a ƙirjinta, kuma tana jin ɗumin hawayensa yana gangarowa cikin wuyan rigarta.