Anzar da ke Gefen Gona

Rakiya ta daɗe da sallama da gudu, gwiwoyinta sun hana. Amma da maƙwabciya ta leƙo ta ce ta ga Salifu ya nufi gona da 'yan ƙwadago biyu da gatura, ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

Salifu ɗanta ne, ma'aikacin ofis a Maraɗi, irin mutanen nan masu son ganin komai a share fes. Ya zo hutu Tasawa da niyyar kewaye gonar gidansu ya dasa mangwaro. Abin da ya tsone masa ido shi ne anzar da ta cika gefen gonar, ɗan itacen nan mai 'ya'ya masu ɗaci, wanda ba a tunawa da shi sai rumbu ya zama wayam.

Ta iske har an ɗaga gatari. Ta kutsa tsakiyar anzar ta zauna daram.

"Inna, don Allah tashi. Mutane na kallo."

"Su kalla mana. Duk wanda ya yi wayo kahin babbar yunwa cikin garin ga ya san ɗanɗanonta."

Ba ƙarya ta yi ba. Shekarar 2005 ce, bayan da fara ta cinye gero, fari kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Matan unguwa suka fita daji da ƙorai. Ita kuwa anza ba ta son gaggawa: sai a jiƙa ƙwayarta, a yi ta sauya ruwa har kwana biyar kafin gubar ta fita. Daga baya matan suka yi karɓa-karɓa, wadda tata ta kai yau ta raba wa gida shida, gobe wata ta raba. An yi jana'iza ba adadi, amma unguwar ba ta watse ba, kuma Rakiya na alfahari da haka a gaban kowa.

"Abincin wahala ne, Inna," in ji Salifu. "Ita ta kashe mini ƙanwa. In na gan ta sai in tuna Nana. Kuma ki ce in bar ta cikin gonar ubana?"

Rakiya ta dubi anzar. Shekara ashirin tana barin itacen ya ɗauki laifin, don tsoron idon yaron nan. Yau in ta ƙara yin shiru, sarewa za a yi.

"Ba anza ta kashe Nana ba," ta ce. "Kun kwana biyu ba ku ci komai ba, kuna ta kuka. Tawa kwananta biyu kacal cikin ruwa. Na sani sarai ba ta yi ba, na tsame na dahwa. Kai ka tohar don ɗaci. Ita ƙarama ce, duk abin da na sa mata baki haɗiyewa take. Bayan mun rufe ta ne munka zauna munka yi karɓa-karɓa, don kada wata uwa ta sake tsamewa da wuri. Wadda ta kai kwana biyar ɗin, ita ka ci har ka yi wanga tsawo."

'Yan ƙwadagon suka sauke gatura suka kau da kai.

Rakiya ta share hawaye da gefen zane, ta gyara zama cikin ganyen.

"In mai laihi kake nema, ga ta zaune gabanka. Itacen ga kam, ba mai taɓa shi ina numfashi."